Haƙorin Uku

A kasuwar riɗi ta Gadarif
sikelin da na haɗa ya haɗa faɗa.
Allonsa bai kai tafin hannun yaro ba,
amma ya tara gemu bakwai a kansa.
Mai buhu ya ce uku ne,
mai saye ya rantse biyu ya gani.
Tsakaninsu a lambar Larabci haƙori ɗaya ne tal,
allon nan kuwa ya cinye haƙorin.

Baba Sammani mai awo ya zare tabarau,
ya goge da bakin rawani, ya mayar.
Ya ce, "'Yar nan, laifin ba na idona ba ne.
Dubi biyar ɗinki, ta koma akwati.
Dubi nun, cikinta duk matakala.
Wa ya taɓa hawa nun da ƙafa?"

Na ɗora sikelin a amalanken jaki,
na bi shi a baya kamar mai rakiyar majinyaci.

Dare ya yi, an ɗauke wuta,
saura ni da batir da sauro.
Allo gari ne na ƙananan ɗakuna,
kowane ɗigo ko a kunne ko a mace,
bai san "kusan" ba, bai san "ɗan kaɗan" ba.
In lanƙwasa ta zo wucewa
sai a ce mata, zaɓi ɗaki, nan ko can.
Shi ya sa take tafiya da tsalle kamar fara.

Can ƙasan fayil ɗin saiti,
layi na ɗari biyu da wani abu,
wani da ban sani ba ya bar ƙofa a sakaye,
ya ajiye sifiri yana gadi.
Na goge sifiri na sa ɗaya.
Iyakar jarumtar ke nan.

Sai manhaja ta ce, to a ina zan zuba?
Harafin da ke cin loma ɗaya
yanzu huɗu yake nema,
ƙwaƙwalwar na'urar kuwa kurtun tawada ce.
Na sallami haruffan da ba mai kiransu,
na sallami ƙawar da ke gefe,
har hoton raƙumin Ustaz Mirgani,
wanda ke fitowa in an kunna,
wanda yake nuna wa baƙi kafin a kawo shayi,
na kama akalarsa na fitar.
Gobe ma yi wannan shari'ar.

Na tura ta kebul. Na jira.

Toka kala goma sha shida.
Ɗigon da layi ya ci rabinsa ya ɗauki rabin baƙi,
wanda aka gogi kafaɗarsa kawai
ya ɗauki ɗan hayaƙi.
Na kanga madubin ƙara girma, na ga ƙazanta,
kamar bakin murhun da ba a share ba.
Na ja baya taku biyu,
sai ga nun ta zauna daram kamar ƙwarya,
biyar ta yi ƙawanya,
uku ta washe haƙoranta duka.

Da hantsi aka ɗora buhun jiya.
Baba Sammani ya leƙa, bai taɓa tabarau ba.
"Arba'in da uku."
Mai saye ya sosa ƙeya, ya lalubi aljihu.

"Kin ƙara wa allon girma?"
A'a, Baba.
"To, wanke shi kika yi."
A'a, Baba, datti na ƙara masa.
Ya dube ni, ya dubi allon,
ya aika Batul ta kawo mini gahawa mai citta.

Ban kai ga kurɓa ta biyu ba
na ji murya daga bakin rumfa,
na ga ƙura a bayan farar jallabiya:
"Injiniya! Ina raƙumina?"